Fanni Goma a Jadawali, Ina Karatun?

Tun daga zangon da aka shiga a watan Satumba na 2025, yaron da aka sa aji ɗaya na firamare a Jimeta ko Yola, bisa abin da ke rubuce a takarda, fanni tara ko goma ne ke jiran sa. Akwai Turanci da lissafi da harshen Nijeriya guda ɗaya, akwai kimiyya, motsa jiki da kiwon lafiya, addinin Musulunci ko na Kirista, tarihin Nijeriya, zamantakewa da zama ɗan ƙasa, al'adu da fasahar hannu, sai Larabci ga mai so. In ya kai aji huɗu a ƙara masa ilimin kwamfuta da share fagen sana'a, wato noma da tattalin gida, da Faransanci in makarantar na yi. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa da Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta ce wannan ma ragi ne, an sauke wa yara kaya.

Wanda ya daɗe yana riƙe da alli ya saba jin irin wannan albishir. A 2008 hukumar NERDC mai tsara manhaja ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, fannoni suka doshi ashirin. Aka ce sun yi yawa, daga 2014 aka matse su zuwa goma, sai dai matsewar ta cusa wannan cikin wancan ce: aka zuba addini da zamantakewa da ilimin tsaro a fanni guda, aka haɗa kimiyya da kwamfuta da motsa jiki a wani. Ba a daɗe ba rigima ta tashi a kan cakuɗa darasin addini, Musulmi da Kirista kowa na ƙorafi, a 2017 aka sake raba su. Tarihi kuwa an cire shi fiye da shekara goma, aka dawo ana neman sa da fitila. Ɗanmu na nan Adamawa, Farfesa Tahir Mamman na Michika, ministan ilimi na lokacin, ya sanar da tasa sabuwar manhajar mai sana'o'i 15 a watan Oktoba na 2024, kafin watan ya ƙare garambawul ya yi gaba da kujerarsa. Malamin da ya kama aiki a 2007 ya ga manhaja ta sauya a hannunsa sau uku, kuma da wuya ka samu wanda aka kawo wa isassun littattafai ko da sau ɗaya.

A bar takarda a shiga aji. Aji uku a wata makarantar gwamnati cikin Jimeta, da hantsi. Malama ta ba yara baya tana cika allo da Turanci daga littafin da ita kaɗai ke da shi. Yara, wasu a benci wasu a ƙasa, suna kwafa. Kada ka dubi allon, dubi wuyan yaro guda. Za ka ga yana ɗaga kai sau ɗaya ga kowane harafi: ya duba, ya sunkuya ya zana, ya sake ɗagowa. Wanda ya iya karatu kalma yake ɗaukowa, ko ma jimla, wannan kuwa zanen siffa yake yi. In allo ya cika, malama ta karanta su maimaita da ƙarfi, sannan ta juya Hausa ta yi bayani a gurguje, cikin ɗari-ɗari kamar mai aikata laifi. Ta ce, “Kun gane?” Su amsa baki ɗaya, “E, Malama!” A buga ƙarfen da ke rataye a jikin darbejiya, a share allo, a sake cika shi da wani Turancin, a ce yanzu kimiyya ake yi.

Ko jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta na ɗauke da suna goma, darasin da yaran nan ke yi daga safe zuwa tashi guda ɗaya ne, kwafa. Ba na ɗora wa malamar laifi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, ita kuwa in aka ba ta ninkin haka ba wanda zai yi mamaki, musamman tun 2014 da Boko Haram ta kama Mubi, jama'ar arewacin jihar suka kwararo Yola da Jimeta, da yawa kuma ba su koma ba. An ba ta jerin batutuwan da dole ta ƙare kafin jarrabawar ƙarshen zango, kuma abin da sifeto zai duba in ya zo shi ne littafin tsara darasi da rajista. Wanda ake auna shi da yawan abin da ya rubuta a allo, allon zai yi ta cikawa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan 27 cikin 100 ne kawai ke iya karanta gajeren labari su fahimce shi, masu iya lissafin tushe kuma wajen 25 cikin 100. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da Legas da Anambara a ciki. Yaron da bai iya karatu ba, me tarihin Nijeriya zai yi masa a littafi? Me zai yi da zamantakewa, ko tsaftar jiki, ko sassan tsiro, alhali duk ta ƙofar karatu ake shigar su?

Ra'ayina ke nan: daga aji ɗaya zuwa uku, a ba karatu da rubutu da lissafi mafi yawan yini, a bar wa addini lokacinsa, a bar yara su yi guje-guje a fili. Sauran fannonin kada a kashe su, amma a daina yi musu layi a jadawali da jarrabawa daban-daban. A shigar da su cikin littafin karatun kansa. Shafin da yaro zai koyi haɗa baƙi a kansa ya zama labarin sauro da gidan sauro, na gaba ya zama labarin kogi, na gaba labarin wanda ya kafa garinsu. Da haka ya sami kimiyya da tarihi da kiwon lafiya yana tsakiyar koyon abin da zai buɗe masa su gaba ɗaya nan gaba.

Ba sai mun je Finlan neman misali ba. Mafi yawan yaran Musulmi na Yola, kafin su zo boko ko bayan sun tashi, suna zuwa makarantar allo. Can ba a san fanni goma ba. Yaro zai fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma ba zai wanke allonsa ba sai ya biya wa malam, malam ya gamsu. Ba a ciyar da shi gaba don shekara ta zagayo. A boko kuwa kowace Satumba aji ɗaya kan tashi ɗungurungum ya koma aji biyu, wanda ya iya da wanda bai iya ba, har a wayi gari yaro na aji shida yana zanen haruffa. Makarantar allo na da nata raunin, domin yaro kan iya furta abin da bai san ma'anarsa ba, kuma abin takaici wannan raunin ne kaɗai bokonmu ya kwaikwaya, ya bar ƙa'idar nan ta ba a wucewa sai an iya.

Nan ne maganar ke kai mu ga harshe, kuma a Adamawa magana ce mai ƙaya.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a kewayensa a shekarun farko na firamare, Turanci ya kasance darasi kawai kafin daga baya ya karɓi ragama. A watan Nuwamba na 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara shida cur, ko da yake shi kansa ministan ya amsa cewa sai an tanadi littattafai da malamai kafin abin ya tabbata. Ba a tanada ba. A watan Nuwamba na 2025 Dakta Alausa ya sanar da soke manufar, aka koma Turanci daga tushe har sama, bisa dalilin cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa ne ke yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Wannan hujja ba ta shiga kaina ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi ɗin, a irin ajin da na kwatanta suka taso: allo da Turanci, littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, sai ɗan bayanin Hausa na sata. Ba a taɓa koya musu karatu da harshen da suke ji ba, ba a kuma koya musu Turancin a matsayin baƙon harshe da ake bi daki-daki ba. An dai yi ta magana da shi a gabansu ana fatan zai shige su.

An gwada ɗaya hanyar a ƙasar nan, kuma an rubuta abin da aka gani. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci na shekara shida, Turanci na matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Kafin Fafunwa ma, nan Yola, wani jami'in ilimi na Turawan mulki mai suna F. W. Taylor ya wallafa nahawun Fulatancin Adamawa a 1921, ya biyo da ƙamus a 1932. 'Yan mishan da suka sauka Garkiɗa a 1923 da Buranci suka fara koya wa mutane karatu. Kowannensu da manufarsa, kuma ba manufarmu ba ce, amma dukansu sun gane cewa in kana son mutum ya karanta da wuri, da harshen da ke bakinsa za ka fara. Mu da muke da 'yanci fiye da shekara sittin mun koma muna gardama a kan abin da baƙo ya gane cikin 'yan shekaru.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu na Numan ko Hong ko Ganye: wane harshen? Tambaya ce ta gaskiya, kuma mu masu rubutu da Hausa ya kamata mu saurare ta ba tare da ɗaga hanci ba. Jihar nan gida ce ga Fulani da Bachama da Bata da Kilba da Kamwe da Margi da Chamba da Lunguda da Yungur da Vere da Mbula da Gude da wasu da dama. Sabuwar manhaja kuwa, a gurbin harshen Nijeriya, Hausa da Ibo da Yarbanci kawai ta ambata. Ko Fulatanci, harshen fadar Lamiɗo, wanda ake ji tun daga Senegal har Sudan, bai sami shiga ba. Dattijon Bachama da ke ganin jikokinsa na amsa masa da Hausa, ko Bafulatanar cikin Yola da 'ya'yanta ke jin Fulatanci amma ba sa mayarwa, in suka ji an ce a koyar da Hausa a makaranta, abin da suke ji shi ne za a ƙarasa binne nasu da kuɗin gwamnati. Wasu iyayen har sun gwammace Turanci don shi ba na kowa ba ne a cikinmu.

Amsar da nake da ita ba ta gamsar da kowa, amma ta fi abin da ake ciki. Kada a yanke wa jiha duka hukunci ɗaya daga Abuja, ko ma daga Yola. A je kowace makaranta a tsaya a fili lokacin da aka tashi tara, a saurari harshen da yara ke wasa da faɗa da ciniki da mai awara da shi. A unguwannin Dubeli da Jambutu da Luggere na Jimeta, Hausa za a ji, har a bakin yaran da ba ɗaya daga iyayensu Bahaushe. A ƙauyukan Fufore da Girei da wasu unguwannin cikin Yola, Fulatanci za a ji. A wasu wuraren Bachama ne ko Kamwe. Wannan harshen shi ya kamata a fara koya wa yaro haɗa baƙi da shi, ana ba shi Turancin baka tun daga aji ɗaya, a miƙa shi ga Turancin littafi a hankali. Inda Hausa ce harshen fili amma ba ta gida ba, a buɗe gurbin harshen Nijeriya ɗin nan ga harshen gidan, ko da sau biyu ne a mako. Yaron da ya iya karanta Hausar boko ya riga ya mallaki kusan duk haruffan da zai karanta Fulatanci ko Margi da su, har da masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ. Karatu sau ɗaya ake koyon sa.

Akwai ma abin tunawa a nan. A Yola aka yi taron ƙasa na 1986 da ya share hanyar ilimin makiyaya, lokacin da marigayi Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song, ke ministan ilimi, a 1989 kuma aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa. Tushen shirin shi ne amincewa cewa manhaja na iya lanƙwasawa ta bi rayuwar yaro, har aka yi littattafai da Fulatanci. Abin da aka yarda da shi domin ɗan ruga, ban ga dalilin hana ɗan unguwar Rumde ba.

To me za a zuba cikin littattafan? A nan dawowar tarihi ta faranta mini rai, ta kuma tsorata ni. In aka bar shi yadda aka saba, yaron Yola zai haddace 1914 da 1960 da sunayen shugabannin ƙasa, ya fita bai san cewa Modibbo Adama ya kafa garin da yake takawa a 1841 ba, bai san sojojin Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901 Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya ya fice ba. Ba zai san cewa Mubi da Ganye ba sa cikin Nijeriyar da ta sami 'yanci a 1960 ba, sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu na 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya a kan Kamaru, wato kakannin wasu yaran ajin da hannunsu suka zaɓi zama 'yan ƙasar nan. Wane darasin zama ɗan ƙasa ya kai wannan? Ga Sukur a kan duwatsun Madagali, wurin farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, amma yaro ya fi jin labarin dalar Masar. Tarihin namu na da ɗaci kuma, kada mu yaudari kanmu. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar rubutaccen bayanin hare-haren kamen bayi da ya kai wa mutanen duwatsu a farkon ƙarni na 20, kuma jikokin ɓangarorin biyu na zaune a benci ɗaya yau. Wannan ba na aji biyu ba ne, amma wanda zai rubuta littafin aji shida dole ya san yadda zai taɓa shi da gaskiya ba tare da ya hura wuta ba. In malamai ba su faɗa ba, yaran za su ji shi a wani wurin, daga bakin da ba ya nufin alheri.

Kimiyya ma haka. Kogin Binuwai na kwance a gefen Jimeta, tafkin Geriyo na ciyar da masu noman rani, ambaliya ta ci gidaje a 2012 da 2022 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, a watan Yuli na 2025 kuma ruwan sama ya yi ɓarna da asarar rayuka a unguwannin Shagari da Yolde Pate na Yola da maƙwabtansu. Yaron da ya kwana a kan rufin ɗaki ya cancanci shafi guda da zai bayyana masa daga ina ruwan ke zuwa, me ya sa toshe magudana da leda ke ƙara masa ƙarfi, me ya sa amai da gudawa ke biyo bayansa, yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Wannan shafin kimiyya ne, kiwon lafiya ne, labarin ƙasa ne, darasin karatu ne kuma.

Sauran fannonin na manyan azuzuwa ba sai na daɗe a kansu ba. Faransanci a Yola ba ado ba ne, Garwa ta Kamaru ta fi mana Abuja kusa nesa ba kusa ba, kuma 'yan kasuwarmu sun san haka, sai dai ina malaman? Kwamfuta kuwa, muddin da alli ake zana ta a allo yara na kwafa, gara a ba lissafi lokacin. Aikin hannu a makarantu da yawa ya koma a ce kowa ya kawo tsintsiya ranar jarrabawa, uwa ta saya a kasuwa, malam ya ba da maki. Makarantun kuɗi kuma sun mai da yawan fanni talla: jakar ɗan aji biyu ta fi ƙarfin bayansa, kowane littafin aiki da farashinsa, mu iyaye muna ƙirga littattafai muna jin kuɗinmu bai tafi a banza ba. Kaɗan ne cikinmu ke zaunar da yaron bayan magariba mu miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba mu ce karanta mini.

Wani zai ce ai manhaja ta Tarayya ce, jiha ba ta da ta cewa. Ilimi na cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba Tarayya da jihohi damar yin doka a kansu tare, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ADSUBEB, da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar malaman firamare, su ke tura sifetoci, a hannunsu jadawalin kowace makaranta yake. Ba a bukatar izinin kowa kafin a ce sa'o'i biyu na farkon kowace safiya na karatu da rubutu ne. Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta yi shelar ilimi kyauta tana kuma biya wa ɗalibai kuɗin WAEC da NECO, abin a yaba ne, amma kuɗin jarrabawar ƙarshe ba ya gyara abin da ya lalace tun aji biyu.

Masu aikin ma suna nan. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola da ta jiha da ke Hong su ke yaye malaman, ga Jami'ar Modibbo Adama, ga masana harsuna da tarihi da suka yi ritaya suna zaune a gida. Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta gudanar da shirin koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa a Adamawa da Gombe daga 2019 da kuɗin hukumar USAID, an horar da malamai, an buga littattafai. Hukumar da ta biya kuɗin gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025, saboda haka jiran wani baƙon ya zo ya ci gaba ɓata lokaci ne. Cikin kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ke rabawa akwai kason kayan koyarwa da na horar da malamai, daga nan ya kamata a sake buga waɗancan littattafan, a yi irinsu da Fulatanci, a fara na Bachama da Kamwe da Chamba, a kuma tabbata kowane yaro na da nasa a hannu yana tafiya da shi gida. Sifeto kuma in ya zo, bayan ya duba rajista, ya zaɓi yara biyar daga bencin baya na aji uku ya ba su shafi su karanta masa, ya rubuta adadin waɗanda suka iya a rahotonsa, a riƙa kafe adadin a ƙofar ofishin hedimasta kowane zango inda iyaye za su gani.